Muryata Ta Tafi Kance Ba Da Ni Ba

Ranar wata Talata ce cikin watan Fabrairun 2024. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke-wanke, sanyin da ke saukowa daga duwatsun Ahaggar ya sa yatsuna sun ƙage, sai waya ta yi ƙara. Lambar Nijar ce. Wata mata ce daga wani ƙauye na ƙasar Kance. Ban san ta ba, amma ta gaishe ni gaisuwar wadda muka yi wasan ƙasa tare. Ta tambayi maigida, ta tambayi yara, har da tarin da na yi fama da shi makon da ya wuce, wanda ta ji alamarsa a cikin shiri. Duk wanda ya yi aikin rediyo ya san wannan: mutane su san ka ciki da bai, kai kuwa ko fuskarsu ba ka taɓa gani ba.

Da muka gama gaisuwa sai ta ce, "Hajiya, dama tambaya gare ni. Motar nan da kika faɗa, ta Juma'a ce ko ta Lahadi? Don ƙanwata ta riga ta aika rabin kuɗin."

Na ce, "Wace mota, baiwar Allah?"

Ta yi jim, sannan ta ce, "Wadda kika ce a cikin saƙo mana."

Na roƙe ta ta turo mini. Saƙon murya ne na daƙiƙa 47. Na danna, na kara a kunne, sai na ji kaina ina yin sallama. Muryata ce, da irin yadda nake jan ƙarshen sallama, da irin taushin da nake sa wa idan zan yi wa mata magana. Wannan "ni" ɗin tana yi wa 'yan'uwa mata albishir cewa an soke dokar da ta hana ɗaukar matafiya, hanya ta buɗe tun daga Arlit har Tamanrasset, akwai sabuwar mota da direba amintacce, wadda ke so ta aika rabin kuɗin mota ga wata lamba don a ajiye mata wuri. Na saurare shi sau uku a tsaye, hannuna da kumfar sabulu. A ji na farko, wallahi har na fara tambayar kaina ko na taɓa faɗin haka na manta.

Bari in gaya wa mai karatu ko ni wace ce, don ya gane abin da aka taɓa. A Maraɗi aka haife ni. Na yi difloma ta aikin jarida a makarantar IFTIC da ke Yamai, na yi 'yan shekaru a wata tashar FM a garinmu, sannan aure ya kawo ni Tamanrasset a 2017, inda maigidana ke da rumfa a kasuwar Assihar. Garin nan yana da nisan kusan kilomita 2,000 daga Aljiyas, amma kilomita 400 kacal ke tsakaninsa da In Gezzam a bakin iyakar Nijar, don haka idan ka shiga unguwar Gataa el Oued za ka ji Hausa kamar kana Damagaram. Da na ga yawan mutanenmu a nan da kuma ƙishirwar labarin gida, sai na fara haɗa shiri na rabin awa kowane mako. A ɗakina nake naɗa shi, na rataye barguna biyu a bango don su sha amsa-kuwwa. Tashoshi biyu a Nijar suna sa shi, daga nan kuma sai ya kama hanyar WhatsApp, inda ba mai iya ƙidaya masu jinsa. Gaishe-gaishe ne, da farashin dabino da taliya da madara, da cigiyar wanda ya tafi aka daina jin ɗuriyarsa, da gargaɗi kan hanya. Abin da nake samu daga sanarwa da tallar 'yan kasuwa yake fitowa.

Gargaɗin hanya shi ne ƙashin bayan shirin. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, kuma da yawa daga cikinsu 'yan ƙasar Kance ne. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Garin nan da nake zaune suka nufo. Tun ranar da na fara shiri ban taɓa rufe shi ban ce wa mata su yi tunani sau bakwai kafin su hau bayan mota da goyo ba. Wanda ya haɗa saƙon nan ya san haka, shi ya sa ya zaɓe ni. Kuma ya iya ƙarya, don ya gauraya ta da gaskiya: lallai gwamnatin soja ta Nijar ta soke dokar 2015 kan safarar baƙin haure a watan Nuwamban 2023. Abin da bai faɗa ba shi ne, ta wannan ɓangaren ba abin da ya sauya. Har gobe ana kwashe mutane a kai su wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa Assamaka.

A ji na huɗu ne na kama ɓarawona. Akwai garin da ake zama cikinsa, akwai garin tuwo. A rubutun boko ba su da bambanci, amma a baki na biyun ana jan wasalinsa na farko. Muryar nan ta ce za a kai mata "har cikin gari", ta ja shi, wato za a sauke su cikin garin tuwo. Ba Bahaushiyar da za ta yi wannan kuskure ko cikin magagin barci. Sannan ba ta numfashi. Ni kuwa ƙurar garin nan ta bar mini 'yar shessheƙa, duk jimla biyu sai na ja iska. Rubutu aka ba na'ura ta karanta da amona. Amma wa zai lura da tsawon wasali a ƙaramar waya mai fasasshiyar sifika, a gindin bishiya, ga iska ga kukan yara? Ni mai abin ma sai a karo na huɗu.

Nan take na naɗi saƙon ƙaryatawa, na faɗi ranar da muke ciki da kwanan wata, na tura duk inda hannuna ya kai. Tashoshin biyu suka maimaita shi kwana uku. Wasu sun ji a kan lokaci. Ƙanwar matar da ta kira ni kuwa akuya biyu ta sayar, kuɗin sun tafi, lambar kuma a kashe take tun daga ranar. Da na sake kiran yayar don in jajanta, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, "Ba komai, Hajiya. Mu dai da muka ji ke ce, shi ya sa."

Ta ina aka samu muryar? Ƙofa biyu ce, kuma duka ni na bar su a buɗe. Ta farko ita ce shirin kansa, awoyi barkatai da ke yawo a wayoyin mutane. Wata guda bayan wannan abu kamfanin OpenAI ya sanar cewa manhajarsa tana iya kwaikwayon muryar mutum daga naɗin daƙiƙa 15 kawai; Microsoft ma tun farkon 2023 ya nuna wani gwaji da daƙiƙa 3. Ni kuwa na ba duniya shekaru. Ƙofa ta biyu ta fi ba ni kunya. A 2022 wani dillali ya same ni ta Facebook, ya ce ana neman mai Hausa mai kyau ta karanta jimla 1,500 don bincike, za a biya jikka 30 ta sefa. Lokacin ana neman kuɗin haya. Ya turo takardar yarjejeniya da Ingilishi, ni kuwa da Faransanci na yi karatu, na danna inda ya ce in danna. Sai bayan abin ya faru na tura wa ƙanena da ke karatu a Zariya ya fassara mini. Ashe na ba da izini har abada, a ko'ina cikin duniya, don kowace irin manufa, kuma suna iya miƙa shi ga wanda suka ga dama. 'Yar jarida ce fa ni, wadda ke gaya wa mata kada su dangwala yatsa a takardar da ba a karanta musu ba. Daga baya na karanta labarin Bev Standing, 'yar Kanada, wadda ta karanta dubban jimloli don wani aikin fassara, sai ta tsinci muryarta tana magana a TikTok. Ta kai ƙara a 2021, aka sasanta. Ita tana da lauya da kotun da za ta saurare ta.

Ni ma na gwada tawa. Na ɗauki takardar zamana na tafi wani ofishi, na zauna gaban wani ma'aikaci mai haƙuri, na haɗa guntun Larabcina da Faransanci na yi masa bayani. Ya ce, "Madam, me aka sace miki?" Na ce, "Muryata." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ga shi kina magana da ita." Ba da izgili ya faɗa ba. Takardar da ke gabansa tana da gurbin waya, da gurbin kuɗi, da gurbin mota, ba ta da gurbin abin da na zo da shi.

Wani lauya da ke sayayya a rumfar maigida shi ya warware mini zaren, muna shan shayi. Aljeriya tana da hukumar kare haƙƙin mallaka, ONDA, tun 1973, da dokar 2003 da ke kare mawallafa da mawaƙa da masu wasa. Ya ce da wani ya ɗauki shirina ya sayar, da akwai abin kamawa, don shiri aiki ne da na yi. Amma a saƙon nan ba kalma ɗaya tawa. Amon kawai aka ɗauka, doka kuwa aikin da aka yi take karewa, ba ta yi tanadin maƙogwaron da ya yi shi ba. Ana iya bi ta hanyar zamba da sojan gona, ko ta dokar 2018 mai kare bayanan mutum, amma sai an kama mai laifi tukuna, shi kuwa layin wayarsa na wata ƙasa ne, kuɗin a wani gari aka karɓa. Na tambaye shi, to zabiyoyinmu da makaɗan biki da ke unguwa, waɗanda ba su da takardar zama, ina za su kai kuka? Ya daga kafaɗa. Mutumin da ke sauya hanya idan ya hango kaki ba zai je ofishi yin rajistar waƙa ba.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, a wannan yanki ba mu taɓa ɗaukar kwafi a matsayin sata ba, kuma ba wauta ce ta sa ba. A garin nan ne, wajen 1979, Ibrahim Ag Alhabib ya haɗu da abokan da suka zama ƙungiyar Tinariwen. Ba su da kamfani, ba su da sutudiyo. Wanda ya zo da kaset marar komai sai su naɗa masa, shi kuma ya ba wani ya kwafa, har waƙoƙinsu suka game Sahara daga Libiya zuwa Mali. Wannan yawon ne ya kai su inda suka karɓi kyautar Grammy a 2012. Da zamanin kaset ya wuce sai memori da Bluetooth suka gaje shi. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a sayar da shi a kanti ba, daga waya zuwa waya ya bi, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji wata waƙa daga ciki, ya sa ta a tarin da ya fitar a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita ya ba shi rabonsa. Yau Mdou yana zagaya duniya da jitarsa. Su Shata da Ɗanƙwairo ma rediyo da kaset ne suka kai su inda ƙafarsu ba ta je ba, arzikin kuma ya dawo musu ta hannun masu kyauta da masu gayyata.

Sirrin abin shi ne, kaset ko na sata ne da sunan mai shi yake yawo. Wanda ya ji ya ji daɗi zai tambaya wane ne, ranar bikin ɗansa ya aika a kira shi. Kwafin yana tafiya, amma akwai zare a ƙafarsa da ke komawa gida. Ƙirƙirarriyar basira wannan zaren take tsinkewa. Tana ɗaukar amo da salo ta bar mutumin a zaune, ta kuma faɗi abin da bai faɗa ba. Na ga haka a aljihuna ma. Wani ɗan kasuwa da ya saba ba ni dinari 3,000 in karanta masa talla, rannan na ji sabuwar tallarsa da wata murya mai santsi wadda ba ta kowa ba ce. Ɗansa ne ya haɗa masa a waya, kyauta. Wannan muryar da ba ta kowa ba, daga muryoyin irinmu aka tace ta, mu masu karanta jimla 1,500 a kan jikka 30.

Ina cikin wannan ƙunci ne na je gaida wata tsohuwa a unguwa, wadda nake kira Inna. Mai kiɗan ƙwarya ce, ta fi shekara talatin a garin nan, ba auren Hausawa da za a yi ba a kira ta ba. A wani biki na taɓa naɗar waƙarta da waya, na yanki daƙiƙa 20 na mai da shi taken shirina. Na zauna a tabarmarta na zazzage mata duk abin da ya same ni, har da hawaye. Ta bar ni na gama, tana ɓare gyaɗa.

Sannan ta ce, "Ashe da zafi, ɗiyata?"

Na ce, "Da zafi, Inna."

Ta ce, "To ke shekara nawa kina buɗe shirinki da muryata?"

Na buɗe baki na rufe. Shekara huɗu ke nan.

Ta ce, "Ran da na fara jin kaina, a wayar wani direba ne. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce yarinyar nan za ta zo. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ina jin 'yan kasuwa suna ba ki na talla, ni ko goro. Wannan ma bai dame ni ba kamar ranar da wani ya tambaye ki a shiri wace ce mai waƙar, kika ce wata tsohuwa ce a Tamanrasset. Tsohuwa ba ta da suna ne?"

Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni da ke kukan an raba muryata da ni, na yi shekara huɗu ina cin abinci da muryar da na raba da mai ita. Ban sa ta faɗin ƙarya ba, wannan kam gaskiya ne, amma zaren nan da nake yabo ni ma na tsinke shi, kuma ba na'ura ce ta sa ni ba. Mu 'yan rediyo mun daɗe muna haka. Mu shiga ƙauye da rakoda, mu kwaso tatsuniya da waƙar daɓe da kirarin mafarauta, mu ce al'ada ce, ta kowa ce. Ta kowa ce har sai an zo rabon kuɗi. A nan garin akwai gidan Dar Imzad, inda ake koya wa 'yan mata gogen matan Abzinawa mai tsirkiya ɗaya, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. Su sun gane da wuri cewa gado yana da masu riƙe da shi, mata ne masu suna da ciki da jikoki. 'Yan ƙungiyar Imarhan ma da suka samu hali, sutudiyo suka gina a Tamanrasset, suka sa masa suna Aboogi, don a riƙa naɗar waƙar gida a gida.

Na bi labarin yadda manyan duniya ke fama da abin. 'Yan wasan Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 118 a 2023, kuma cikin abin da suka samu har da sharaɗin sai da izini da biya kafin a ƙera siffar ɗan wasa da kwamfuta. Jihar Tenesi ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta sa murya cikin abin da mutum ya mallaka. Gwamnatin Denmak ta gabatar da ƙuduri a 2025 na ba kowa iko da fuskarsa da muryarsa. Wata mawaƙiya, Grimes, ita cewa ta yi a yi waƙa da muryarta a raba riba biyu. Duk na karanta, na ce Allah ya ba da sa'a, amma waɗannan mutane ne masu ƙungiya da lauyoyi da asusun banki.

Wanda ya fi kama da mu, a can ƙarshen duniya na same shi. Wata ƙaramar tashar rediyo ce ta al'ummar Maori a garin Kaitaia na ƙasar Niyu Zilan, sunanta Te Hiku. Shekaru suna naɗar tsofaffinsu masu harshe tsantsa. A 2018 suka yi gasa, mutanensu suka karanta musu sama da awa 300 cikin kwana 10, suka gina tasu manhajar da ke jin harshensu ta rubuta. Da kamfanonin waje suka zo neman muryoyin, suka ƙi sayarwa. Suka rubuta nasu sharaɗin, wanda ya ce su masu riƙon amana ne, kuma duk amfanin da za a yi da muryoyin sai ya koma ga mutanen da suka ba da su. 'Yan rediyo ne kamata, masu barguna a bango. Harshensu bai kai ko kusa da Hausa yawan masu magana ba, amma ba su sayar da shi jikka 30 ba.

Kada a ɗauka ina gaba da na'urar. Mahaifiyata ba ta karanta boko. Ranar da wayarta za ta karanta mata saƙon likita da Hausa mai kyau, wadda ta san bambancin gari da gari, zan fi kowa murna, kuma ba zan ƙi a ce muryata ce ke karantawa ba. Shi ya sa da wani dillalin ya sake nemana a 2025, yana son awa 20, ban rufe masa waya ba. Na ce a rubuto yarjejeniyar da Hausa ko Faransanci. Na ce a faɗi aikin da za a yi da muryar, a tsaya a kansa, shekara biyu, in an so ƙari a dawo. Ba talla, ba siyasa, ba wa'azi da bakina. A biya yanzu, a kuma biya duk shekarar da ake amfani da ita, kuma ina da ikon cewa a janye. Amsarsa layi ɗaya ce: akwai da yawa da za su yi a ƙasa da haka.

Bai yi ƙarya ba. Hausa ba ta rasa masu murya, kuma mai neman kuɗin haya ba ya karanta shafi shida, ni shaida ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yanzu muna da wani zaure a WhatsApp, mu talatin da 'yan kai, masu gabatar da shiri daga Maraɗi da Damagaram da Agadez da Katsina da Kano. Mun yi alkawarin ba mai sa hannu a takarda sai ya turo an karanta, 'yan Nijeriya su duba ta Ingilishi, mu mu duba ta Faransanci, kuma mun tsayar da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Mutum biyu sun riga sun karya alkawarin a ɓoye, mun sani, ba mu kore su ba. Ɗaya matarsa ce ke asibiti. Masu saurarona kuma na koya musu abu ɗaya da nake maimaitawa kowane mako har sun haddace: duk ranar da suka ji muryata ta ba da lamba ta ce a aika kuɗi, ba ni ba ce, ko da ta rantse.

Wurin Inna kuwa na koma da maigida da jikanta a matsayin shaidu. Ba ta karatu, don haka da baki muka yi yarjejeniyar, na naɗa a waya, na tura wa jikan kwafi. Dinari 2,000 duk wata daga kuɗin talla, da wani abu a dunƙule na shekarun baya, wanda ta ƙi karɓa sai da maigida ya sa baki. Za a faɗi sunanta da na garinsu a farkon kowane shiri. Ba zan ba kowane kamfani waƙar ba, ba zan sa ta cikin wata manhaja ba. In ta riga mu, maganar ta koma hannun jikarta mace da ke bin ta gidan biki. Sunan kuwa a iska ta yarda a faɗa, ba ta ba ni izinin rubuta shi ba, shi ya sa a nan take Inna.

Na ɗauka mun gama, sai ta ɗaga hannu. Ta ce akwai sauran ɗaya. "Waƙar nan ta kai amarya ce. Sau nawa ina ji kina gama ta ki shiga sanarwar rasuwa. Ba a haka. Ranar da kike da ta'aziyya a farko, ki buɗe da bakinki kawai." Shekara huɗu ina yi, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba, kuma ba lauyan da zai tuna ya sa wannan a takarda.

Ta ce kuma wancan naɗin na biki ya tsufa, hayaniya ta yi masa yawa, a sake sabo. Jikar ta kifa ƙwarya a cikin ruwa, Inna ta gyara zama ta yi gyaran murya, na durƙusa na riƙe mata waya kusa da baki. Tana tsakiyar baiti na biyu sai akuyar da ke ɗaure a bayan ɗaki ta saki kuka. Na tsayar, na ce mu sake daga farko, in kuma ta gaji zan iya goge kukan a kwamfuta.

Ta ce, "Bar shi. Tawa ce, ita ma a san da ita."